Wilin da Kawu Bai Juya Ba

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, bakaniken da duk motar da ke ja da ƙafa huɗu a ƙasar Katagum ta san ƙofar rumfarsa, ya rasu a farkon bazarar nan. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Da addu'a kaɗai ce a bakina, da na yi ta na koma kan keken ɗinkina, don ni tela ne. Abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji a zaman makokinsa shi ya hana ni sakat.

A rumfar aikinsa aka yi zaman, nan bayan tashar Azare, saboda zauren gidan ba zai ɗauki jama'a ba. Aka ture tsofaffin tayoyi gefe, aka shimfiɗa tabarmi. Mutane kam sun zo, wannan ba zan yi musu ƙarya ba. Daga Shira, daga Giade, har daga Zadawa, direbobi da 'yan kasuwa da malaman ofis. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a shafa fatiha, sannan ya gyara zama ya buɗe ainihin bakin da ya kawo shi.

Ranar sadakar uku, wani Alhaji mai sayen fata, wanda rabonsa da gaisawa da Kawu tun ranar da Kawu ya ƙi taɓa motarsa, ya ci tuwo da nama ya tanɗe yatsu. Sai ya miƙa hannu sama ya zaro tsinke daga jinkar rumfa, ya ga ɗan jan zare a ɗaure a jikinsa, ya cire zaren ya yar, ya shiga sakace. Ni na ɗaura wannan zaren da hannuna.

Yana sakace yana magana. "Allah sarki, Malam. Mutumin kirki. Sai dai ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba."

Wani direba da ke gefensa ya karɓe. "Ai ni, Alhaji, abin ya ɗaure min kai. Mutumin da ya kore ni daga rumfar nan kamar kare don na ce ya juya min wili, ashe shi ya juya wa ɗansa."

"Naka sai naka," in ji Alhaji. "Ya san dabarar tana da kyau, mu ne yake yi wa rowa."

"Dabara ba ta da laifi. Hannu ne ya tsufa, noti bai ɗauru ba."

Suna wannan magana, ɗan farin Kawu yana zaune kusa da liman, kansa a sunkuye, carbi a hannu. Tsakaninsa da su bai fi tsawon tabarma ba. Ya ji duka, bai ce uffan ba. Wannan ɗan farin taubashina ne, shi ɗan namiji, ni ɗan mace, kuma tun muna yara babu maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu wadda ba tsokana ba. A riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Amma bari in fara da mamacin, don shi ne mai haƙƙi.

Kawu ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada wani ya yaudare ku yanzu da ya mutu. Bakinsa kamar reza yake. Gidanmu gidan maƙera ne, da guduma da uwar maƙera ya tashi, sai da ya manyanta ya tafi Kano ya koyi aikin mota, lokacin yaƙi kuma ya yi aiki a garejin soja. Daga can ya dawo da ɗingishi a ƙafar dama da kuma raina duk wanda ke yaba mota don fenti. Idan aka kawo masa mota ba ya buɗe inji. Sai ya ce wa direba ya ja ta a hankali, shi kuma ya bi bayanta yana ɗingishi, hannu a goye a baya, yana kallon yadda take taka ƙasa, tamkar mai cinikin jaki a kasuwa. Yakan ce, "Ƙafa ita ce mota, inji ɗan rakiya ne." Yakan kuma ce, "Mota ba ta ƙarya, mai ita ke yi." In ya gama aiki da toka yake wanke hannu, ba ya yarda da sabulu, kuma ba ya taɓa goro sai hannun ya bushe.

Shagona yana kallon rumfarsa, don haka abin da zan faɗa game da wili a bakinsa na ji, har ya zauna min ba tare da na nema ba. Wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, kamar kwano yake, yana da baki yana da gindi. A gindin ramukan noti suke, ta nan ake ɗaura shi a jikin mota. Wani kwanon mai zurfi ne, wani kuwa kusan faifai. In zurfin ya yi yawa, taya ta shige ciki ta riƙa gugar sifirin, wato bakan ƙarfen da mota ke zaune a kai, duk sanda aka karya kwana. In bai kai ba, taya ta fito waje, nauyin mota ya rataya a kan boris, ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansa, har ya cinye shi. Kowace mota da zurfin da aka yi ta da shi, kuma dole ƙafafun su zama iri ɗaya, in ba haka ba sitiyari ya riƙa fizgar direba gefe.

Kawu ba shi da ma'aunin Turawa, bai kuma nema ba. Sai ya kife wili a ƙasa, ya gitta miƙaƙƙen karan dawa a kan bakinsa, ya zura tsinken tsintsiya daga karan zuwa gindin wilin, ya karya tsinken da farce daidai nan. Wannan tsinken shi ne tsinken motar. Sai ya ƙwala min kira, "Kai, ɗan ƙanwata, kawo zare!" In ɗaura masa launin da ya zaɓa, ya soke tsinken a jinka. Motar asibiti jan zare ce, ta hakimi fari, ta mai duba dabbobi baƙi. Duk wilin da aka kawo daga gwanjo ko daga jikin matacciyar mota, sai ya gwada shi da tsinken motar da za a sa wa. In tsinke ya ƙi, to ko wa ya aiko ka sai dai ka koma da abinka. Tsinken motar asibiti ne Alhaji ya yi sakace da shi.

Rigimarsa da maƙwabcin rumfarsa kuwa har yau ana labarinta. Maƙwabcin shi ma bakanike ne, daga gabas iyayensa suka zo. Wata rana aka kawo masa wilin da ramukansa ba su hau motar ba, sai ya ɗauki magagari ya zauna yana faɗaɗa ramukan don su shiga. Kawu ya ji ƙarar gugar ƙarfe, ya leƙa, ya gani. Bai yi sallama ba. Ya fizge wilin, ya tsayar da shi, ya gara shi a kan gangaren nan na bayan tasha, wili ya yi ta gudu yara na bin sa da ihu har ya faɗa kududdufi. Aka kai ƙara gaban mai unguwa. Aka tambayi Kawu dalili, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka tarar mutum ya ɗana tarko a hanyar masallaci, tsayawa za ka yi neman izininsa?" Mai unguwa ya ce ya biya wili da wili. Kawu ya je ya ɗauko nasa mai kyau, wanda ya dace da motar, ya dire a gabansu ya ce ai dama abin da yake so ke nan. Daga ranar suka daina ga maciji da maƙwabcin.

Suna cikin wannan gabar jak ya zame, mota ta danne wa maƙwabcin hannu, aka kai shi wajen maɗori. Mutum mai iyali, aiki kuma ga shi jibge. Washegari na ga Kawu ya gama nasa aikin, ya kwashi sifanoninsa ya shiga rumfar abokin gabarsa ya kwanta ƙarƙashin mota. Haka ya yi ta yi har hannun ya warke, kuma duk tsawon lokacin bai yi wa mutumin magana ba. In masu mota suka zo godiya sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ku gode wa mai rumfa, ni sifana kawai na riƙe masa." A zaman makoki wannan maƙwabcin ne kaɗai na ga yana kuka irin na gaske, a bayan tarin tayoyi, inda ba mai ganin sa. Da na je kusa ya kama rigata ya ce a hankali, "Hannun da na sani bai juya wilin nan ba." Ya tashi ya tafi gida, bai sake dawowa zaman ba.

To wannan mutum da ba ya shakkar direban hakimi, ba ya shakkar mai unguwa, akwai mutum ɗaya a duniya da ba ya iya buɗe baki a gabansa, ɗan farinsa. Kakarmu Bafulatana ce, kunyar ɗan fari a gidanmu ba ta wasa ba ce. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, in suka haɗu a hanya sai ya dubi gefe kamar ya hango wani abu a kan katanga. Tun da aka yaye shi aka kai shi Katagum wajen Inna, mahaifiyata, muka tashi a tabarma ɗaya. In Kawu zai ambace shi sai ya ce "wancan", ko "abokin wasanka". In yana da saƙo gare shi, ni ne ɗan aike.

Taubashina ya girma ya shiga sayen gyada a ƙauyuka, Allah ya buɗa masa, ya sayo tsohuwar jif a gwanjon soja. Ranar da ya shigo da ita gari tana tari tana karkata, Kawu bai ko ɗaga kai ba. Sai da yamma ya ce min, "Ce wa abokin wasanka ya bar akwalar nan a bakin rumfa, tana tare wa mutane hanya a can." Ya yi kwanaki a kanta. Ya tona duk wilin da ya ɓoye shekara da shekaru, ya zaɓo mata masu zurfi ɗaya har da na safaya, ya goge su, ya shafa musu mai. Da ya karya tsinkenta sai ya ce in kawo koren zare, launin da bai taɓa ba kowa ba. Ban taɓa ganin ya yi wa mota irin wannan hidima ba, kuma ko sau ɗaya bai tambayi ko mai ita ya ji daɗi ba.

Wanda ya san hanyar Azare zuwa Katagum ya san rairayinta. Manyan motocin gyada sun haƙa sawu biyu masu zurfi, da doron yashi a tsakiya. Jif kuwa ƙafafunta a matse suke, ba su kai faɗin na babbar mota ba, don haka ƙafa ɗaya ta faɗa cikin sawu, ɗaya ta hau doro, mota ta yi ta tafiya a karkace tana wahalar da direba. Sai wasu 'yan tasha suka ƙirƙiro dabara, a cire wili a juya shi, ciki ya koma waje, ƙafafu su buɗe su hau sawun babbar mota. Duk wanda ya zo wa Kawu da wannan buƙata, korar kare yake sha. Yakan ce, "Ɗauki tulu ka rungume shi, za ka kai shi gida. Miƙa hannu ka riƙe shi nesa da jikinka, mu ga inda za ka kai." Sannan ya nuna musu cewa ramin noti ta fuska ɗaya kawai yake da gurbi. In ka juya wili, noti ya zauna a kan sarari, yau ka ɗaure gobe ya saki, yana saki yana cin ƙusoshin da ke riƙe da ƙafar.

Wata ranar kasuwa sai ga taubashina ya shigo tasha da jif, ƙafafu huɗu a waje, ta yi tsugunen kwaɗo. Shi ya juya su da hannunsa a Katagum. 'Yan tasha suka kewaye ta suna yabo. Na dubi Kawu. Goron da ke bakinsa ya tofar, ya shige can cikin rumfa ya zauna ya juya wa tasha baya. Da ya kira ni, sai ya ce, "Je ka gaya wa abokin wasanka ya mayar da ƙafafun nan yadda na sa su, in ba haka ba wata rana ɗaya za ta riga shi isa gari."

Na je na same shi cikin mutane na faɗa masa kalma da kalma. Ya fashe da dariya.

"Ku ji bawana! Yaushe tela ya san wili? Kai da zaren kekenka ma tsinkewa yake."

"Wallahi ba wasa nake ba. Kawu ne ya aiko ni."

"Ai duk ranar da ka ce ba wasa kake ba, ranar wasanka ya fi daɗi."

Ya fizge hulata ya jefa saman mota, jama'a suka yi ta dariya. Na same shi a gida shi kaɗai na maimaita, ya ce in bari sai ranar cika-ciki in zo in yi masa shara ya sallame ni. Na kai maganar wajen Inna, ta kira shi ta yi masa faɗa, ya ce to, ya fita ya ƙara ɗaure noti, ya bar wili yadda yake. Na dawo na durƙusa gaban Kawu na ce, "Kawu, don Allah ka faɗa masa da bakinka, sau ɗaya. Ni duk abin da na ce wasa ne a kunnensa." Ya kalle ni kamar na ce ya tuɓe a tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Ni? In tsaya gaban wancan in buɗe baki? Ashe uwarka ba ta koya maka komai ba." A ranar na tsani wannan al'ada, har yau kuma ban huce ba.

Abin da ya iya yi shi ya yi. Wata safiya bayan sallar asuba ya ɗauki jak da sifana ya je ƙofar gidan ɗansa na nan Azare, inda motar ke kwana, ya mayar da ƙafafu huɗun daidai, ya dawo. Taubashina ya fito ya gani, ya san aikin waye. Bai cika mako ba ya sake juya su. Uba ya mayar, ɗa ya juya, babu wanda ya ce wa wani ci kanka. Daga nan Kawu ya zare tsinke mai koren zare daga jinka, ya kuma rantse ba zai sa ƙafa a motar ba. Wani mai shayi ya gan shi a gindin jif ɗin a waccan safiyar, kuma wannan ganin ne yanzu ake kafa shaida da shi cewa shi ya juya.

A farkon bazara aka yi suna a gidan Inna a Katagum. Taubashina ya kwashi mata a jif. Kawu, da tsufansa da ɗingishinsa, ya gwammace ya hau saman lodin babbar mota, rana na dukansa. A can ciwon mara ya kama shi, fitsari ya tsaya. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi tofi, abu sai gaba yake yi. Da gari ya waye cikinsa ya kumbura, mutumin da mota ta taɓa danne wa ƙafa bai yi ƙara ba, sai ga shi yana cizon bakin riga. Aka ce sai asibitin Azare. Babu babbar mota ranar, jif ce kaɗai a garin. Da muka ɗauko shi ya ga inda za mu sa shi, ya rufe ido ya kau da kai, ba shi da ƙarfin gardama.

Na zauna a baya, kansa a kan cinyata. Taubashina ya ja mota. Zan faɗi gaskiyarsa, gudu yake don ya ceci ubansa, hawaye na zuba a fuskarsa yana tuƙi. Mun yi nisa, rana ta take, sai na ji Kawu ya matse min hannu. Ni ban ji komai ba sai kukan inji. Ya ce, "Gaya wa abokin wasanka ya tsaya. Ƙafar baya ta hagu ta saki." Tsakanin bakinsa da kunnen ɗansa bai kai kamu biyu ba, amma ni ya gaya wa. Na ɗaga murya na ce, "Taubashi, tsaya! Ƙafar baya!" Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Kai bawa, yau ma? Riƙe shi da kyau, ana ta rai kana surutu." Sai ni ma na fara jin ƙarar, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga ƙarƙashina. Na buɗe baki zan sake magana, mota ta durƙusa ta baya, na ga taya ta wuce mu tana gudu ita kaɗai cikin daji.

Ƙusoshin duk sun guntule, babu abin da za a ɗaura safaya a kai. Muka kwantar da Kawu a gindin wata aduwa mai 'yar inuwa. Babu gari kusa, babu mai wucewa. Nan muka wuni. Abin da ya sha a gindin bishiyar nan ba zan rubuta shi ba.

Sai wajen la'asar wata babbar mota ta ɓullo daga arewa, cike da fasinja. Direban tsohon hannu ne, ya san Kawu. Ya sauko ya zagaya jif, ya dubi ƙafafu ukun da suka rage, ya dubi guntayen ƙusoshi, ya riƙe baki. Ya ce, "Subhanallahi! Wane marar tsoron Allah ne ya juya wilin nan, ya kuma ɗauko Malam a ciki?" Fasinjoji suka taru. Taubashina yana tsaye, fuskarsa ta yi fari kamar toka. Na buɗe baki ke nan, sai murya ta fito daga gindin aduwa, a shaƙe amma kowa ya ji.

"Ni ne. Ni na juya. Ido ya tafi, hannu ya tafi."

Bai dubi ɗansa ba ko a lokacin. Muka ɗora shi a babbar mota. Muna hango itatuwan Azare ya cika, kalmar shahada a bakinsa, kansa a kan cinyata. Da muka zo yi masa wanka na sami tsinke mai koren zare a aljihun rigarsa.

Kafin a kai shi makwanci maganar ta zagaye tasha, fasinjojin nan sun kai ta ko'ina. Na yi shiru ranar uku, na yi shiru ranar bakwai, ina jiran mai magana ya yi magana. Uba ya rufa wa ɗansa asiri a gaban baƙi, wannan halin uba ne. Ɗan da ya san ciwon kansa kuwa sai ya karɓi rufin ranar, in ya dawo hayyacinsa ya miƙe ya wanke ubansa. Nawa taubashin sai ya ja rufin ya lulluɓa har kai, ya yi kwanciyarsa. Kafin arba'in jif nawa na gani a tasha sun yi tsugunen kwaɗo, direbobin suna cewa ai Malam ma ya yi wa ɗansa, a dai ɗaure noti da kyau. Abin da mutum ya ƙare rayuwarsa yana hanawa, yau da sunansa ake yin sa.

Ranar sadakar arba'in taubashina ya zo da jif, an gyara ta, an sa sababbin ƙusoshi. Na zagaya na duba. Ƙafafu huɗu a waje, kamar yadda suke. Na gane lissafinsa, in ya mayar da su daidai mutane za su tambayi dalili. Da liman ya shafa addu'a, kafin a fara rabon gumba, na miƙe tsaye, na ɗaga tsinken sama.

"Jama'a, ku saurara. Wannan shi ne tsinken motar can, Kawu ya auna shi, a aljihunsa ya mutu da shi. Duk mai so ya ɗauko kara ya je ya gwada. Kawu bai juya wilin nan ba. Ga wanda ya juya nan zaune kusa da liman. An gaya masa ya ƙi ji, har a kan hanya an ce ya tsaya ya ƙi tsayawa."

Na ga wasu sun fara kallon juna. Sai Alhajin nan mai sakace ya buga cinya ya tuntsire da dariya.

"Kai, taubasai! Ko a makoki ba kwa bari!"

Dariya ta kama rumfa gaba ɗaya. Wani ya ce wallahi telan nan ya iya tsokana, har da kayan aiki ya zo. Liman ma ya yi murmushi ya ce in aka ga taubasai sun koma wasa, to alamar an yi haƙuri ke nan. Ni kuwa idona na kan mutum ɗaya. Ya ɗago kai ya dube ni. Mun tashi a tabarma ɗaya, na san fuskarsa in yana wasa, na san ta in ba ya yi, shi ma ya san tawa. Na jira. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ku rabu da bawan nan, yunwa ke damunsa. A ƙara masa gumba."

Aka cusa min gumba a hannun da ke riƙe da tsinken.

Da za a watse, mata suka hau jif za a mayar da su Katagum. Na je na kama hannun Inna na sauko da ita, ta dube ni ba ta yi musu ba. Na ce wa sauran su sauko, suka yi dariya suka ce in je in ci gumbata. Motar ta tashi cike da mutane, muna tsaye ni da Inna har ta sha kwana.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Da baki na faɗa, an ce wasa ne, to ga shi a takarda, wanda zai yi dariya ya yi shi kaɗai. Wanda ya ga jif ta buɗe ƙafafu kada ya ce Kawuna ne ya koyar, kada kuma ya sa uwarsa a ciki. Allah ya jiƙan Kawu, ya saka masa da duk ran da ya isa gida lafiya saboda tsinkensa, ya kuma yafe masa ƙarya ɗaya tak da na taɓa ji daga bakinsa.